Kujerar Gwamnati da Kujerar Kuɗi: Tarihin Zaɓen Sakandare daga Salaga zuwa Saboba

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya a wannan zamani, in aka ce masa wane ya kai ɗansa makarantar kuɗi, abin da zai fahimta shi ne mutumin ya samu wadata, ya tsame yaron daga cunkoson ajin gwamnati. A arewacin Gana maganar ba haka take sauka a kunne ba. A Yendi ko Salaga ko Bawku, in aka ji yaro ya gama ƙaramar sakandare ya shiga babbar sakandare ta kuɗi, tambayar da kan fara zuwa zuciyar maƙwabta ita ce: me ya same shi a jarrabawa? A can kujerar da ake tinƙaho da ita ta gwamnati ce, musamman ta makarantun kwana masu suna, waɗanda ba a shigarsu sai da maki mai kyau. Kuɗi yana aikinsa a can kamar ko'ina, sai dai yana yin sa ne da wuri, tun yaro yana firamare, domin ya share masa hanyar zuwa kujerar da ba a biya. Wannan tsari bai faɗo daga sama ba, kuma wanda ya bi sawunsa zai tarar da Hausawan zango a kusan kowace kwana ta hanyar.

Kafin zuwan boko, kowace makaranta a wannan yanki ta mai ita ce. A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar Gwanja, inda fatake daga Kano da Katsina da Barno suke sauke tufafi da kanwa da fatu, su ɗauki goron ƙasar Asante. Inda fatake suka yi zango kuwa, malamai na biye. Malami ya buɗe zaurensa, yara su zo da alluna, iyaye su riƙa kai ɗan abin da ya sawwaƙa, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Uba yana zaɓar malami ne bisa sunansa da sanin waɗanda ya karanta a wurinsu, babu wata hukuma a tsakani. Mafi shahara cikin malaman nan shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Karaci, ya zama limami, ya koyar, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci har rasuwarsa a 1934. Ɗalibansa sun bazu cikin zangunan ƙasar, kowa ya kafa nasa zaure.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. A Gana kalmar "makaranta" ta tsuke ma'anarta, har ta shiga Turancin ƙasar da ma'ana guda: wurin karatun Alƙur'ani da addini. In mutumin zango ya ce yaro ya tafi makaranta, galibi allo ko Islamiyya yake nufi. Ta boko kuwa da sunanta na aro daga Turanci ake kiranta. Rabuwar kalmar shaida ce ta rabuwar hanyoyin biyu tun farko.

Turawa sun raba yankin a ƙarshen ƙarnin. Bisa yarjejeniyar 1899 Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da ƙasar Konkomba da ke gefen kogin Oti, inda Saboba take, suka faɗa hannun Jamus. Bayan da aka kori Jamusawa a 1914 wannan ɓangare ya dawo ƙarƙashin Ingila a matsayin ƙasar amana, bai kuma zama cikakken yankin Gana ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956. Makarantar gwamnati ta farko a arewa an buɗe ta a Tamale a 1909, shekara biyu bayan limaman Katolika sun fara tasu a Navrongo. Ta Yendi ta zo a 1922, ta Salaga a 1923. Babu ta sakandare a cikinsu, kuma 'ya'yan sarakuna aka fi nema, domin a samu akawu da tafinta da masu gadon sarauta da suka iya rubutu. Sarakuna da dama ba su yarda da abin ba, sai su tura ɗan bara ko maraya a madadin ɗan cikinsu. Mutanen zango sun fi kowa ja da baya: suna da karatunsu, suna da kasuwancinsu, suna kuma ganin boko ƙofar barin addini ce.

Gwamnatin mulkin mallaka ita ma ba ta matsa ba. Abin da take so daga arewa shi ne ƙarti masu aikin haƙar zinariya da gonakin koko a kudu, da kuma soja da 'yan sanda. Ta taƙaita wa 'yan mishan wuraren da za su shiga, ta taƙaita yawan ajujuwa. Sakamakon haka shi ne tazarar da har yau ake ambata: makarantar Mfantsipim ta Cape Coast an kafa ta a 1876, sakandaren farko a duk arewacin Gwalkwas kuwa sai a 1951 aka buɗe ta a Tamale. Shekara 75 ke nan. Ko Arewacin Nijeriya, da ake yawan kuka da jinkirinsa a harkar boko, ya samu Kwalejin Katsina tun 1922.

A kudu, manyan makarantun nan masu suna yawancinsu coci ne ya haife su. Mfantsipim da Wesley Girls na Metodis ne, Adisadel ta Angilika ce. Da farko makarantu ne masu zaman kansu, sannu a hankali gwamnati ta fara ba su tallafi, ta ɗauki albashin malamai, daga bisani ta karɓi ikon ɗaukar ɗalibai, coci ya rage da suna da al'ada da wani rabo a shugabanci. Achimota, wadda Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1927, ita ce tun asali ta gwamnati. Don haka abin da Bagane yake kira makarantar gwamnati sau da yawa tsohuwar makaranta ce mai zaman kanta da ta yi nasara har hukuma ta rungume ta. Wannan ɗabi'a ta runguma za mu sake cin karo da ita a zango.

Zamanin Kwame Nkrumah ne ya kafa darajar sakandaren gwamnati a arewa. Gwamnatinsa ta ɗauke wa 'yan arewa nauyin kuɗin karatu da na abinci a makarantun kwana, domin a rage tazarar da Turawa suka bari. A 1960 aka buɗe sakandaren gwamnati ta biyu a Tamale, wadda ake kira Ghanasco, da wata a Navrongo. Ta Bawku ta zo a 1963, ta Yendi a 1970. Ga ɗan manomin doya, samun gurbi a ɗaya daga cikinsu yana nufin gado da abinci sau uku da littattafai, ba tare da an sayar da saniya ba, sannan hanyar jami'a a buɗe. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, saboda haka duk wanda ya shiga zaɓaɓɓe ne. Daga cikin waɗannan ɗakunan kwana aka fitar da kusan duk manyan 'yan bokon arewa. Alhaji Aliyu Mahama, Musulmi na farko da ya zama mataimakin shugaban ƙasa, daga 2001 zuwa 2009, a sakandaren gwamnati ta Tamale ya yi karatu. A zaɓen Disamban 2024 manyan 'yan takara biyu duka 'yan arewa ne, kuma duka a Tamale suka yi sakandare: Mahamudu Bawumia a Tamasco, wato waccan ta 1951, John Mahama a Ghanasco. Uban da ya ga haka da idonsa, da wuya a shawo kansa cewa akwai makarantar kuɗin da ta fi.

To ina kuɗi ya shiga? Ta ƙofar jarrabawar shiga sakandare ya shiga. A tsohon tsari yaro yakan yi shekara shida a firamare, ya wuce midil mai shekara huɗu, kuma daga cikin midil ɗin ne yake gwada jarrabawar. Masu hali a birane suka gano gajeriyar hanya: firamaren kuɗi da ke horar da yaro kan Turanci da lissafin jarrabawar, har ya ci ta daga aji shida, bai taka midil ba. Tun a 1973 binciken da Ivan Addae-Mensah da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna yadda 'ya'yan waɗannan 'yan tsirarun makarantu suke kwashe babban rabo na kujerun manyan sakandaren gwamnati. Ma'anar wannan a fili take. Baitulmali na ciyar da makarantar da ta fi kyau, amma wanda ya iya biyan shekara shida na farko shi ne ya fi kusa da cin moriyarta. Firamaren gwamnati har suna na raini ta samu a bakin jama'a, ana ce mata "saito".

Mutanen zango sun iso wannan gasa a makare, kuma da tasu dabara. Tun kafin samun mulkin kai malamai irin su Afa Ajura, wanda ya kafa Anbariyya a Tamale, sun fara mayar da karatun zaure zuwa na aji da benci da allon bango. 'Yan Ahmadiyya sun riga su haɗa addini da boko: sakandarensu ta Kumasi ta fara a 1950, daga baya suka kafa wata a Salaga. Da sauran Musulmi suka ga 'ya'yan maƙwabta suna zama likitoci da manyan ma'aikata, nasu kuwa suna tsayawa a tasha da kasuwa, sai aka fara shigar da Turanci da lissafi cikin Islamiyyu, aka samu makarantun da ake kira na Turanci da Larabci. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a cikin hukumar ilimi ta ƙasa, daidai da sassan da coci-coci suke da su. Mai makaranta ya riƙe gininsa da darussan addini, hukuma ta turo malaman boko ta biya su. Abin da ya faru da makarantun mishan a kudu shi ne ya maimaita kansa: burin mai makaranta mai zaman kanta, in ta kafu, shi ne gwamnati ta karɓe ta.

A wannan shekara ta 1987 ɗin ce gwamnatin Jerry Rawlings ta rushe midil, ta rage shekarun da ake yi kafin jami'a daga 17 zuwa 12: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Jarrabawar BECE, wadda aka fara a 1990, ta zama mashiga ɗaya tilo. Shekaru da dama shugabannin makarantu ne suke zaɓar ɗalibansu daga katunan sakamako, kuma kowa ya san abin da hakan ke jawowa: kamun ƙafa, da ɗan wane, da ambulan. A 2005 aka miƙa rabon ga kwamfuta. Ɗalibi ya jera makarantun da yake so bisa fifiko, na'ura ta dubi makinsa da yawan guraben da ke akwai, ta ajiye shi. An kasa makarantun rukuni-rukuni, na A su ne waɗanda aka fi rububi, kuma ba a yarda yaro ya cika takardarsa da su kaɗai ba. Dole ya sa na ƙasa da su, har da ta jeka-ka-dawo da ke kusa da gida. Na'urar ba ta kashe kamun ƙafa ba. A farkon 2023 'yan jaridar The Fourth Estate sun fallasa masu sayar da guraben manyan makarantu da kuɗi masu yawa. Ko wannan abin kunya yana nuna inda daraja take, domin ba a taɓa jin an ba da toshiya don shiga sakandaren kuɗi ta unguwa ba.

Yanzu sai mu dubi Saboba, inda lissafin ya fi tsauri. Garin shi ne cibiyar Konkomba, manoma ne da Turawan Ingila suka sa ƙarƙashin sarautar Dagwamba ta Yendi, kuma makarantar En'e da ke Yendi ba dominsu aka gina ta ba. Boko ya same su ne galibi ta hannun 'yan mishan, bayan ya daɗe da isa garuruwan sarauta. Manyan makarantun garin biyu sun nuna haka a sunayensu: babbar sakandaren cocin E.P. da makarantar koyon sana'a ta St. Joseph ta Katolika, dukansu coci ya kafa, gwamnati ke ɗaukar nauyi. Yaron da ya taso a ƙauyen gundumar yana magana da Likpakpaln a gida, yana jin Hausa ko Dagbani a kasuwa, sannan a yi masa jarrabawa da Turanci, a auna shi da ma'auni ɗaya da yaron Akra da ya fara jin Turanci tun yana goye. Hanyar da ta haɗa garin da Yendi takan yanke da damina in ruwa ya haye gadar Kpalba, daga Yendi zuwa Tamale kuma akwai kusan kilomita 100. Malamin da aka turo daga nesa yakan fara neman canji tun bai kwance kayansa ba.

Ga irin wannan gida, zaɓi tsakanin zaɓaɓɓiyar makarantar gwamnati da ta kuɗi ba a yin sa ranar da sakamako ya fito. An riga an yi shi shekaru tara baya, ranar da aka yanke ko za a iya tura yaron wurin ɗan'uwa a Yendi ko Tamale ya shiga firamaren kuɗi, ko zai zauna a ta ƙauye. Ana sake yin sa ranar cika takardar zaɓi, inda uba, wanda sau da yawa bai yi boko ba, yake dogara ga shawarar malamin aji. In yaron ya sa Tamasco a sama makinsa bai kai ba, ya yi asarar layi ɗaya. In ya ji tsoro ya sa ta kusa da gida alhali makinsa zai iya kai shi Tamale, ya yi wa kansa ƙwauro, kuma wannan kuskure na biyu ba wanda yake ganin sa, domin yaron ya samu makaranta, kowa ya yi murna.

A Satumban 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta mayar da babbar sakandaren gwamnati kyauta a duk ƙasar: karatu, da kwana, da abinci, da littattafai. Ga arewa wannan ba sabon abu ba ne ƙwarai, tun da tallafin zamanin Nkrumah bai mutu ba, ko da yake jinkirin biyan kuɗin abinci ya sha sa a sallami ɗalibai gida a tsakiyar zangon karatu. Amma ga makarantun kuɗi bugu ne mai tsanani. Yawancin abokan cinikinsu yara ne da makinsu bai kai ba, kuma yanzu gwamnati ta buɗe wa mafi yawan irin waɗannan ƙofa ba ko sisi. Ajujuwa suka zama wayam, wasu makarantun suka rufe, wasu suka koma horar da masu sake rubuta jarrabawar WASSCE a ƙarshen shekara. Makarantun gwamnati kuwa suka cika suka batse, har a 2018 aka raba ɗalibai kashi biyu, 'yan kore da 'yan ruwan zinariya, wasu na aji wasu na hutu. An kuma keɓe kashi 30 cikin 100 na guraben manyan makarantu ga waɗanda suka fito daga ƙananan sakandaren gwamnati. A ganina wannan shi ne mataki mafi adalci a cikin shirin duka, domin shi kaɗai ne ya taɓa ainihin inda kuɗi ke aiki. Masu makarantun kuɗi sun kira shi wariya, wasu iyaye kuma suka samo mafita irin ta mai wayo: yaro ya yi shekarunsa a ta kuɗi, a shekarar ƙarshe a mayar da sunansa ta gwamnati.

Duk da haka akwai masu zaɓar sakandaren kuɗi da idonsu biyu. A can sama akwai 'yan tsirarun makarantu a Akra da Tema masu koyar da manhajar ƙasashen waje, waɗanda ba su da alaƙa da lissafin mutumin Saboba. A ƙasa akwai uban da na'ura ta jefa 'yarsa wata makarantar jeka-ka-dawo a garin da ba shi da kowa, ya ga gara ya biya a inda idonsa zai kai. Akwai wanda ya gaji da dogon hutun da rabon kashi biyu ya haifar. Akwai kuma maganar addini, wadda ta fi taɓa mutanen zango. A azumin 2021 an yi ce-ce-ku-ce a ƙasar baki ɗaya bayan da makarantar Wesley Girls ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar ilimi ta ba da umarnin a bar ɗalibai su yi, cocin Metodis ya ƙi amincewa. Tsohuwar rungumar nan ce ta nuna ɗinkinta: albashi na gwamnati, guraben na kowa, amma ƙa'idar gida ta wanda ya kafa. Uba Musulmi da 'yarsa ta ci maki mafi kyau yana iya samun kansa yana auna suna da sakamakon makaranta a hannu ɗaya, salla da lulluɓi da azumi a ɗaya hannun, irin awon da kakansa ya yi a gaban makarantar Salaga ta 1923.

Sai kuma abin da takardar zaɓi ba ta da layinsa, wato tsaro. Makarantar kwana tana nufin yaro zai kwana a ƙasar wasu. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja, wanda ya ci rayuka masu yawa a kewayen Bimbila da Yendi da Salaga, ya sa Konkomba da dama sun daɗe ba su iya zama a Tamale da Yendi ba, wato daidai garuruwan da manyan makarantun suke. A Bawku rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sha tsayar da karatu, kuma a Yulin 2025 an kashe ɗalibai a sakandaren Bawku da ta Nalerigu, har aka kwashe sauran. Kwamfuta tana ganin maki da lambar makaranta. Ba ta san ƙabilar yaro ba, ba ta san wace hanya motarsa za ta bi ba. Iyaye sun sani, kuma wani lokaci saninsu ne yake sa su bar kujerar da aka ba su kyauta su nemi wadda za su biya a wani gari.

A 2025 gwamnatin John Mahama ta fara gwajin shigar da wasu makarantun kuɗi cikin shirin karatu kyauta, domin ta rage cunkoso ta kuma kawo ƙarshen rabon kashi biyu. Na'ura za ta tura musu ɗalibai, baitulmali ya biya wani abu a kan kowane kai. Masu makarantun da suka yi shekara takwas suna kallon kujeru babu kowa sun karɓi abin hannu bibbiyu. Yawancin irin waɗannan makarantu a manyan birane suke, inda dama masu iya biya suka taru. A gundumar Saboba, in lokacin shiga makaranta ya yi, ana nan ana ɗaure akwatin ƙarfe da akwatin katako na garin rogo da sukari da yaji a bayan mota, ana tambayar direba ko ruwa ya sauka daga kan gadar Kpalba.